Yadda za ka zaɓi garin da za ka je hawa rola kosta

Kafin ka fara duba kuɗin jirgi, fara duba waɗanda za ka tafi da su, domin garin da zai burge saurayi mai neman abin da zai juya masa ciki daban yake da wanda zai yi wa mai iyali da yara ƙanana daɗi. Kusan kowane lilo mai ƙarfi irin rola kosta, wato ɗan jirgin wasa mai gudu a kan dogo yana hawa da gangara, yana da sandar awo a bakin layi, yaron da tsayinsa bai kai ba ba zai hau ba ko kuka zai yi har gobe, kuma manyan yawanci daga santimita 120 zuwa 140 suke farawa. To ka auna yaranka tun a gida.

In da iyali ne kuma bizar Amurka ta samu, Orlando a jihar Florida ita ce uwa ma ba da mama. Walt Disney World da aka buɗe a 1971 shi kaɗai wuraren wasa huɗu ne, ga Universal mai guda uku tun da suka ƙara Epic Universe a 2025, ga SeaWorld, sannan in ka ja mota kamar awa ɗaya da rabi zuwa Tampa ga Busch Gardens inda lilon Iron Gwazi yake. Sati guda ba ya isa wallahi. Amma fa ka sani Disney ba wajen tsoro ba ne sosai, ado ne da labari da faretin yara, in gudu kake nema ka nufi Islands of Adventure na Universal ka hau VelociCoaster. Matsalar Orlando lokacin zafi ce, daga Yuni zuwa Satumba kusan kullum da yamma hadari ke haɗowa, kuma da an ga walƙiya kusa sai a tsayar da lilon da ke waje, kana iya shafe awa a layi a ce a dakata. Shi ya sa dabara ita ce ka kasance bakin ƙofa kafin a buɗe, ka gama da manyan da safe.

Wanda kuma lilon ne kawai ya dame shi, ni a ganina Los Angeles ta fi Orlando. Six Flags Magic Mountain a Valencia ta taɓa tara rola kosta har 20 a wuri ɗaya, ga Knott's Berry Farm, ga Disneyland ta asali ta 1955 a Anaheim, amma nisa tsakaninsu ba wasa ba kuma cunkoson motocin garin sai haƙuri, dole ka yi hayar mota. Akwai kuma Cedar Point a Sandusky ta jihar Ohio, ƙaramin gari ne a bakin tafkin Erie, kamar awa ɗaya daga Cleveland, wurin tun 1870 yake kuma nan ne lilon Millennium Force mai tsayin mita 94 yake. Kar ka kuskura ka je a Janairu, a rufe za ka tarar saboda sanyi, daga wajen Mayu suke buɗewa zuwa ƙarshen Oktoba.

Gaskiya dai ga yawancinmu Abu Dhabi ta fi kusa kuma ta fi sauƙin sha'ani, musamman 'yan kasuwa da dama can suna shiga Dubai. Tsibirin Yas na Abu Dhabi kamar awa ɗaya ne daga Dubai a mota, a nan Ferrari World yake tun 2010, da Formula Rossa mai gudun kilomita 240 a awa, gudun da sai an ba ka tabarau ka saka saboda ƙura ko ƙwaro kar ya faɗa maka ido. Kusa da shi ga Warner Bros World da SeaWorld, yawancin wuraren a rufe suke da AC don haka zafin Yuli ba zai kashe ka ba, abinci halal ne ba sai ka tsaya tambaya ba, ga ɗakin sallah a ciki. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai iyali ya fi samun natsuwa. Saudiyya ma ta shigo harkar da Six Flags a Qiddiya kusa da Riyadh, inda Falcons Flight ya zarce Formula Rossa gudu.

Tokyo kuma ga wanda hanya ta bi da shi, Disneyland da DisneySea suna gefen gari, Fuji-Q Highland kuma kamar awa biyu a bas daga unguwar Shinjuku ta Tokyo, can ne lilon Takabisha yake mai gangaren da ya wuce miƙe tsaye.

Duk inda ka zaɓa, sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, ya fi araha fiye da bakin ƙofa, kuma ka guji ƙarshen mako da hutun makarantun ƙasar. Akwai tikitin tsallake layi, Disney na kiransa Lightning Lane, Universal kuma Express Pass, tsada gare shi sosai, in kwana ɗaya kawai gare ka ka saya, in kana da kwana uku ka bar kuɗinka. Wasu lilon suna da layin mai hawa shi kaɗai, ana cike gurbi da kai, ba za ka zauna kusa da abokinka ba amma layin yakan fi gudu.

Sai maganar kaya. Babbar riga da hula ka bar su a otal, iska za ta ɗauke hular tun a gangaren farko. Mata su saka ƙaramin hijabi su cusa bakinsa cikin riga, ban da dogon mayafi mai yawo. Waya da makulli a zuba a loka, a wasu manyan lilon Universal har na'urar bincike ake bi da kai kafin ka hau. Kuma kar ka cika ciki da shinkafa ka tafi kai tsaye layi, ka bari sai ka sauko.