Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Mayar da Mota Mai Amfani da Gas ɗin Furofen

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, masu motocin haya da kamfanonin sufuri suka shiga neman mafita, kuma furofen, wanda ɗaya ne daga cikin sinadaran gas ɗin girki, yana cikin abubuwan da ake sa wa ido. A Turkiyya miliyoyin motoci ne ke tafiya da irin wannan gas, a Amurka kuma motocin ɗaukar 'yan makaranta masu yawa da shi suke aiki.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaukar furofen da CNG, wato iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa da ake matsewa a tanki, a matsayin abu guda. Furofen ruwa ne a cikin tanki, matsinsa wajen bar 10 ne (bar ma'aunin matsi ne), alhali CNG ana dura shi da matsin da ya kai bar 200, don haka duk wanda ya kai tankin furofen famfon CNG ya sa ransa da na jama'a cikin haɗari. Haka nan tukunyar gas ɗin girki da ake ɗaurewa a but ba ta da bawul ɗin da ke tsayar da dura idan an kai kashi 80 cikin 100. Wannan gurbin da ake bari ba rowa ba ce, domin ruwan gas yana kumbura idan ya ji zafi, kuma kowa ya san yadda ƙarfen mota ke ƙuna da azahar a watan Afrilu. Tankin da aka ƙera domin mota kaɗai ya halatta a saka.

Masu motoci da yawa kuma a wurin lissafi suke faɗuwa. Litar furofen tana ɗauke da kusan kashi 73 cikin 100 na ƙarfin litar fetur, saboda haka a auna kuɗin da kowace kilomita ke ci, a haɗa da kuɗin mayar da injin zuwa gas da nisan wurin dura, kafin a taɓa mota ko ɗaya.

Akwai direbobin da ke barin tankin fetur ya bushe, suna ganin sun rabu da shi ke nan. Yawancin irin waɗannan motoci da fetur suke tashi, sai injin ya ɗumama sannan su koma gas, kuma famfon man da ke juyawa babu mai ba ya daɗewa. A riƙa barin rubu'in tanki, a kuma sa bakanike ya riƙa duba fulogi da tazarar bawul, domin gas busasshe ne, yana cinye mazaunin bawul a wasu injina.

Furofen ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, cikin kwata ko ramin gareji. Da zarar an ji warinsa a kashe injin, a tura motar sarari, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu. Inda kumfa ta taso, nan ne yoyon yake.