Yadda Mai Rage Ƙiba Zai Riƙe Nauyinsa Idan Annoba Ta Tsare Shi a Gida

A shekarar 2020, da korona ta sa aka kulle garuruwa, likitoci a Dallas ta Amurka sun tambayi mutum 123 da ke zuwa asibitin rage ƙiba yadda suke ciki. Kusan 7 cikin 10 suka ce abin ya ƙara musu wuya, 6 cikin 10 kuma suka ce damuwa ce ke tura su ga abinci. Mu ma da aka rufe Kano a watan Afrilu, azumi ya shigo bayan mako guda, mun ga irin haka. A ganina rushewar tsarin yini ce ta fi yin ɓarna, don haka daga nan za a fara gyara.

Da farko, tsayar da lokacin barci. Wanda ya kwana yana latsa waya har ƙarfe biyu, washegari yunwa za ta dame shi, ransa kuma ya riƙa biya masa zaƙi da maiƙo, domin ƙarancin barci na hargitsa sinadaran da ke sanar da jiki ya ƙoshi. Baligi na bukatar aƙalla awa 7.

Sai babban aikin, wato raba yunwa da damuwa. Kasuwa a rufe, kuɗi na ƙarewa, labarin rasuwa na shigowa safe da yamma. Hannu sai ya kai ga cincin da lemon kwalba ba tare da ciki ya nema ba. Kafin ka ci wani abu tsakanin abinci da abinci, sha ruwa, ka jira minti 10. In har yanzu yunwar na nan, ci gyaɗa kaɗan ko gwanda. In ta wuce, to dama zuciya ce ba ta da daɗi, maganinta kuwa kiran ɗan'uwa a waya ko hira da iyali. Kayan maƙulashe kada a saye su da yawa da sunan tanadi. Wake, gero, kuɓewa busasshiya da kuka sun fi cancantar ajiya.

Motsa jiki ba sai da fili ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Zagayen tsakar gida da sauri, daka, shara, jan ruwa a rijiya, duk suna cikin lissafi.

A ƙarshe, hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, ka rubuta. Wanda ba shi da sikeli ya ari tef ɗin tela ya auna ƙugu. Kuma kada rufe asibiti ya yanke ka da likitanka, kira shi ka faɗa masa adadin. Mai ciwon suga ko hawan jini ya ci gaba da maganinsa, ko da yana zargin shi ke ƙara masa nauyi, har sai likita ya canza masa.