Rigakafin Jariri: Yadda Jikinsa ke Koyon Kare Kansa, da Yadda Za Ku Kammala Allurai

Jariri da garkuwar aro yake zuwa duniya. A watanni uku na ƙarshen ciki, sinadaran kariya na jinin uwa suna ratsa mabiyiya su shiga jininsa. Sannan dakashi, nonon farko mai kauri ruwan ɗorawa, ya shafe masa hanji da wata kariyar. Matse dakashi a zubar babbar asara ce. A sa yaro a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Sai dai aron nan kullum raguwa yake yi, kafin ya ƙare dole jikin yaro ya koyi tsare kansa.

In ƙwayar cuta ta tsallake fata da majina da tsamin ciki, fararen ƙwayoyin jini ne ke tare ta. Wasu su haɗiye ta, su kai ɓurɓushinta cikin kaluluwa. A can ƙwayoyin da ake kira B da T suke gane ta, a shiga ƙera sinadarin da zai kama ta, ita kaɗai. Karon farko aikin kan ci mako ɗaya zuwa biyu, alhali ƙyanda da mashaƙo ba sa jira. In an gama, wasu ƙwayoyin su riƙe kamanninta, duk ranar da ta dawo su taso mata cikin 'yan kwanaki. Allurar rigakafi wannan darasin take koya wa jiki, da ƙwayar da aka kashe, ko aka raunana, ko wani yankinta kawai.

A tsarin Najeriya, ranar haihuwa ana yin BCG ta tarin fuka, da ɗigon shan inna a baki, da allurar ciwon hanta, wadda ta fi amfani cikin awa 24. A mako na 6, na 10 da na 14 sai Penta a cinya, mai kare cututtuka biyar har da mashaƙo da tarin shiƙa, tare da ta limoniya da ɗigon gudawa da na shan inna. Wata 9: ƙyanda, shawara, sanƙarau. Wata 15 a sake ta ƙyanda. Me ya sa ake jinkirta ta ƙyanda? Domin in an yi da wuri, ragowar kariyar uwa tana kashe ƙwayar allurar tun jiki bai koyi komai ba.

Inda aka fi samun matsala shi ne Penta. Iyaye su ga zazzaɓi bayan ta farko, sai su ƙi komawa. Ta farko gabatarwa ce kawai, ta biyu da ta uku ne ke kafa kariyar. Galibin yaran da mashaƙo ya kwantar a Kano a 2023 ba su yi rigakafin ba, ko ba su kammala ba. In rana ta wuce ku, ku je da katin a ɗora daga inda aka tsaya. Ba a komawa farko, amma a bar tazarar mako 4 tsakanin allura da allura. Mura ko ɗan zawo ba hujjar ɗagawa ba ce. In yaro na da cuta mai karya garkuwar jiki, ku faɗa kafin a yi BCG.

Ɗumin jiki na kwana ɗaya zuwa biyu, da ɗan kumburi a cinya, alamar jiki ya kama aiki ne. A yawaita ba shi nono, a rage masa kaya, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan kumburin. Kar a gasa, kar a murza da man zafi. Farasitamol gwargwadon nauyinsa ake ba shi, kamar yadda ma'aikaciyar asibiti ta auna. Asfirin kuwa ba na yara ba ne.

Wurin BCG a dantse yakan yi ƙurji bayan 'yan makonni, ya fashe, ya warke ya bar tabo. Kar a matse, kar a barbaɗa masa komai.

Ku ɗan zauna a asibiti minti 15 bayan allura. In kuma kun ga jijjiga, ko numfashi da ƙyar, ko kumburin fuska, ko kukan da ya wuce awa 3 ba tsayawa, ko yaro ya ƙi nono sam, ku koma da shi nan take, ko da tsakar dare ne.