Darasi na Bakwai: Laka da Tafin Ƙafa

Duk wanda ya taɓa gyaran ragon layya ya san ta. Idan aka datse ƙashin baya, akwai wani farin abu mai taushi kamar igiya kwance a cikin kogon ƙashin. Ita ce laka, wadda muke ambata idan mun ce wane ba shi da laka a jiki. Ta ɗan Adam daga ƙeya ta taso ta sauko kusa da ƙugu. Tsawonta kamar santimita 45, kaurinta kamar ƙaramin yatsa. Jijiyoyi 31 ke fita ta dama, 31 ta hagu.

Ka lura da mai masa a kasuwar Wunti ta Bauchi. Yatsanta na taɓa tanda, ta janye hannu, sai daga baya ta ce "wash!" Saƙon zafi ya bi jijiya ya isa laka, ita kuma ta ba hannu umarni nan take, ba ta jira ƙwaƙwalwa ba. Haka idan ka taka ƙaya a gona: ƙafa ɗaya ta ɗaga, ɗayar ta sandare ta riƙe nauyinka don kada ka faɗi. Duka aikin laka ne.

Ba zafi kaɗai take saurara ba. Tafin ƙafa kullum yana sanar da ita inda tsakuwa take da inda santsi yake, tana gyara maka taku kai ba ka sani ba. A 2015 masana a Cibiyar Salk ta Amurka suka cire wa ɓeraye ƙwayoyin laka masu karɓar wannan saƙo. A fili sun yi tafiya lafiya lau, amma da aka ɗora su kan siririn katako sai ƙafa ta riƙa zamewa.

Shi ya sa mai ciwon suga yake ba ni tausayi. Ciwon yakan kashe jin tafin ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai ji ba. Malam, Malama, in kuna da shi, ku duba ƙafa kowane dare, har tsakanin yatsu, kuma ku daina yawo ba takalmi.

In mai babur ya faɗi yana kukan wuya ko baya, don Allah kada a ɗauke shi hannu da ƙafa, don kada a ji wa laka rauni. A riƙe kansa daidai, a jira ma'aikatan lafiya. In ɗauka ta zama dole, a sa shi kan faffaɗan katako a miƙe.

Aikin gida: ka rufe ido, wani ya taɓa yatsun ƙafarka ɗaya bayan ɗaya. Rubuta nawa ka ji.