Matakalar benen rumfa: yadda za ka yi mai ƙarko ba tare da ta cinye maka jari ba

Mutane da yawa sukan kashe kuɗi su ɗora bene a cikin sito ko rumfar dabbobi don ajiyar harawa da dusa da buhunan hatsi, sai an zo kan abin hawa su jingina tsani su ce an gama. Tsani yana da kyau ga mai hawa hannu sake. Amma wanda ya saɓo buhun masara mai kilo 100 ba shi da hannun riƙe komai, ba ya ma ganin inda yake sa ƙafa. Ni sana'ata walda ce, kuma yawancin matakalun da ake kirana in gyara, ba tsufa ne ya lalata su ba, tun ranar farko ba a auna su ba.

Saboda haka kafin ka taka kasuwa, ɗauki tef. Auna daga daɓen ƙasa zuwa saman katakon benen, wato inda ƙafa za ta sauka, ba ƙarƙashinsa ba. A ce ka samu ƙafa 9, inci 108 ke nan. Tsayin kowane taki ya kamata ya tsaya tsakanin inci 7 da 7 da rabi. Raba 108 gida 15, kowane taki zai tashi inci 7.2. Faɗin wurin sa ƙafa kuma inci 10. Akwai tsohon lissafi da wani maginin Faransa, François Blondel, ya fitar tun a ƙarni na 17: ka ninka tsayin taki sau biyu, ka haɗa da faɗinsa, jimillar ta faɗa wajen inci 24 zuwa 25, gwargwadon takun mutum. Namu ya ba da 24.4, ya shiga.

Abin da ke ba masu rumfa mamaki shi ne filin da za ta ci. Taki 15 yana nufin allon taka 14, don na ƙarshe benen ne da kansa. Allo 14 sau inci 10 ya kama ƙafa 11 da inci 8 a ƙasa. A nan ne Alhaji zai ce, "Malam, a ɗan miƙar da ita mana, ta cinye min wurin buhu ashirin." Ana iya matse ta kaɗan, taki ya kai inci 8, allo ya koma 9, amma in aka wuce haka an koma gidan jiya, tsani ne mai tsada. In wurin ya yi kaɗan, gara a manna ta da bango, ko a karya ta biyu da ɗan dandamali a kwana. Ƙarƙashinta ma ba asara ba ne, nan ake tura baro da jarkoki. Faɗinta kada ya gaza ƙafa 3, kuma daga kowane taki zuwa rufi ko gungumen da ke sama a bar aƙalla ƙafa 6 da rabi, don mai kaya a ka ya fi kowa tsawo.

Sai batun da me za a yi ta. Ra'ayina a fili yake: gefuna biyu na ƙarfe, allunan taka na katako. Dalilin lissafi ne. Matakalar da muka auna, gefenta a kwance-tsaye ya kusa ƙafa 15. Katakon da za ka tarar a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano yawanci ƙafa 12 ne, sai dai a yi masa haɗi, haɗin nan kuwa shi ne wurin da zai fara sakin jiki. Ƙarfe kuwa yana zuwa da tsawon da ya wuce haka, ka yanka guda ɗaya ba gaɓa. Nemi canel, mai siffar harafin U, na inci 6. In na inci 5 ka samu, sa a kafa masa ginshiƙi a tsakiya. Kada kowa ya lallaɓa ka da siririn bututun da ake yin ƙofar shago da shi, daga ranar farko zai riƙa lilo.

Ga inda rahusar take. Canel ba ya bukatar ya zama sabo. A Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ana samun na hannu da aka ciro daga tsofaffin masana'antu da rumfuna, sau da yawa ma ya fi sabon kauri. Je da mai waldarka. Ku duba miƙewarsa ta hanyar hango shi daga baki ɗaya zuwa ɗaya, ku ƙwanƙwasa da guduma. Tsatsar sama ba komai ba ce, buroshin waya zai ɗauke ta. Wanda yake ɓarewa falle-falle ko ya yi ramuka, bar musu kayansu. Wani lokaci akan ci karo da matakala sukutum da aka cire daga wani gini. Tana da araha, amma sai tsayinta ya dace da naka. In aka yanke ƙasanta, takin farko ya bambanta da sauran, to a nan mai saukowa zai riƙa tuntuɓe, don ƙafa takan haddace tazara ɗaya ce.

Allunan taka kuma a samo katako mai tauri, kaurin inci 2, irin madaci ko iroko. Obeche yana da sauƙin kuɗi amma laushi gare shi, gara kuma tana son sa. Ka tabbata ya bushe, ɗanye zai murɗe in hunturu ya buga shi. A walda guntayen angul, ƙarfe mai siffar harafin L, a jikin canel, a ɗora allo a kai, a ɗaure da noti, ba ƙusa ba. Amfanin wannan shi ne ranar da allo ɗaya ya tsage, yaronka ma zai iya kwance shi ya sa wani. Farantin ƙarfe mai ƙuraje ya fi daɗewa, sai dai kuɗinsa ya fi yawa, mai santsi kuwa kada ma a fara, ƙaiƙayi da ɗan ruwa sun isa su kayar da mutum.

Wuri biyu ne ba a tsumulmula a kansu: sama da ƙasa. A sama, a ɗaure gefunan da noti a jikin babban gungumen benen, ba a jikin allunan daɓe ba. A ƙasa, sa birkila ya zuba ɗan dakalin kankare, ƙafar matakalar ta hau kai a ɗaure ta. A rumfar dabbobi fitsari da danshin taki suna cin ƙarfe da sauri, shi ya sa nake son ƙafar ta ɗaga daga ƙasa kamar inci 3 ko 4. Ka tuna ka sa tsayin dakalin cikin lissafin takin farko. Bayan haka jan fentin hana tsatsa shafi biyu, katako kuma a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai, amma ban da saman da ake takawa, don baƙin mai santsi gare shi.

Abin dafa hannu a yi shi a gefen da ba bango, tsayin ƙafa 3, ya zarce har ya zagaye bakin benen. Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, sa ƙarti biyu su tsaya a tsakiyarta su yi tsalle kana kallon gaɓoɓin walda. In kuma akwai awaki a rumfar, ƙara 'yar ƙofa mai sakata a takin farko, don akuya ta fi ka iya hawa, kuma ta san harawa a sama take.