Yadda ake kula da ɗan ƙaramin yanka kafin ya zama gyambo

Lokacin yankan shinkafa a fadamun Argungu ko Jega da wuya a gama aiki lauje bai taɓa yatsan wani ba. Masunta ƙayar kurungu ke sokarsu, mata wuƙar yanka albasa, yara kuma su taka fasasshiyar kwalba ko tsohon kwanon rufi, ga kaushi da hunturu da ke tsaga ƙafa har jini ya fito. Sai a ce ai ɗan kaɗan ne, a ci gaba da aiki cikin laka.

To da farko dai tsayar da jinin. Ka samu ƙyalle mai tsafta ko auduga ka danne wurin sosai, ka ɗaga hannun sama, minti 10 cur ba tare da kana ɗagawa kana leƙawa ba, don leƙen nan shi ke sa jinin ya dawo.

Sai wanki, kuma nan ne mutanenmu suka fi yin ganganci wallahi. Wani ya barbaɗa ƙasa, wani toka, a gareji kuwa man birki ake zubawa wai yana kashe ciwo, alhali ƙona naman kawai yake yi. Ƙasar nan ita ce ta fi tayar min da hankali, saboda ƙwayar cutar titanos, ciwon nan mai ƙage muƙamuƙi da sandarar da jiki, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, wato gonar da aka zuba wa taki gidanta ne, kuma ba sai ƙusa ta yi tsatsa ba, ko ƙaya ta isa ta shigar da ita jiki. Wanke hannunka da sabulu, ka kwarara ruwa mai tsafta a kan yankan har sai yashi da datti sun fita, in babu famfo, fiya wata leda biyu ma sun wadatar. Ruwan gulbi bai yi ba. Sabulu a gefe-gefen ciwon za ka sa.

In ya bushe ka ɗan shafa aidin ko basilin, ka rufe da filasta, kullum a canza, in ya jiƙe ma a canza nan take. Mai komawa fadama dan Allah ya sa takalmin roba.

Akwai yankan da ba na gida ba ne. In bakinsa ya buɗe, ko jini ya ƙi tsayawa, ko yatsa ya daina motsi, asibiti za a je a ɗinke tun ranar. In abu mai datti ne ya soke ka kuma ka wuce shekara 5 rabonka da allurar titanos, ka je a yi maka. Masu ciwon suga kam ko ƙwarzane ne a ƙafa kada su jira, nasu ba ya warkewa da wuri.

Kwana biyu zuwa uku ka riƙa duba wurin. Ja yana faɗaɗa, kumburi, zogi, mugunya, kaluluwa a hammata ko matsematsi, zazzaɓi, duk alamar ciwon ya harbu ne, kada ka tsaya sayen kafso a kemis. Shi titanos yakan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ya bayyana, wani lokaci yankan ma ya riga ya rufe, sai muƙamuƙi ya ƙage baki ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare. Wannan ko tsakar dare ne a nemi mota a tafi babban asibiti.