Kurakuran da aka fi yi wajen ƙiyasta FPS a wasannin harbi

Mai neman kwamfutar wasa a Sakkwato ba ya wuce tambaya ɗaya: "Alhaji, FPS nawa take bayarwa a CS2?" CS2 shi ne wasan harbi na Counter-Strike 2. A ce masa ɗari biyu, ya biya, ya je gida ya tarar da abin bai kai ba. Sau da yawa babu wanda ya yi masa ƙarya. FPS, wato yawan hotunan da kwamfuta ke zanawa cikin daƙiƙa ɗaya, yana fitowa ne daga dukkan kayan da ke cikin na'urar, har da zafin ɗakin da aka ajiye ta. Wanda ya ƙiyasta shi da sunan abu guda, zai yi kuskure.

Babban kuskuren shi ne ɗora komai a kan katin hoto, wato sashen da ke zana hotunan wasa. Mutum ya kalli bidiyo a YouTube, ya ga RTX 3060 tana ba da lamba mai faranta rai, ya ɗauka shi ma abin da zai samu ke nan. Masu irin wannan gwajin sukan haɗa katin da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai tsada, irin Ryzen 7 7800X3D, don kada komai ya riƙe shi. Kai kuwa wataƙila tsohuwar Core i5 ce a cikin taka. Wasannin gasa irin Valorant da Counter-Strike 2, musamman idan an sauke saiti ƙasa a 1080p kamar yadda 'yan gasa ke yi, furosesa suke fi ci. Gane wannan ba wuya. Ka buɗe manhajar MSI Afterburner, ka sa ta nuna aikin katin a kan allo kana cikin wasa. Idan katin yana aiki kashi 60 ko 70 cikin ɗari, kuma ka rage ingancin hoto amma lamba ba ta motsa ba, furosesa ce ta gaza, sabon kati ba zai ƙara maka komai ba. Na fi jin takaicin wannan kuskuren a kan sauran, domin shi ne ke cin kuɗin ɗalibai da suka daɗe suna tari. Idan za ka nemi bidiyon gwaji, ka rubuta sunan furosesarka da na katin tare.

RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, ita ma tana cikin wannan lissafi. Sanda ɗaya ta 16GB ba ta kai sanda biyu masu 8GB gudu ba, saboda biyun suna aiki ta hanya biyu a lokaci guda. Kwamfutocin hannu da yawa da sanda ɗaya suke zuwa. Ka duba kafin ka biya.

Sai maganar laftof. Sunan kati ɗaya ne, amma RTX 3060 ta laftof ba ta kai ta tebur ba, kuma ko a tsakanin laftof ɗin akwai wadda aka ba wat 60, akwai wadda ta haura 100. Tazarar tana da yawa. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: da zarar an ɗauke wuta laftof ta koma kan batir, sai ta rage wa kanta ƙarfi, FPS ya faɗi warwas. Duk gwajin da za ka yi, caja ta asali ta kasance a jone.

Zafi kuwa, nan ne ƙiyasin 'yan Turai ke rushewa a garinmu. Su suna gwaji a ɗaki mai sanyi. Mu daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma iskar da fanka ke ja ta shigar da ita cikin na'ura ita ce wannan mai zafin. Furosesa idan ta kusanci digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu don ta kare kanta. Shi ya sa za ka ga wasa ya fara lafiya, bayan minti ashirin ya soma tsinkewa. Gwajin minti biyu a shago ba ya nuna wannan. Ka roƙi mai shago ya bar ka ka buga wasa cikakke, kana kallon zafin. A gida kuma, ƙurar hunturu tana toshe ragar iska, don haka a riƙa hure ta, a sauya man sanyaya furosesa idan ya bushe, kada a ɗora laftof kan katifa ko darduma.

Wani kuskuren shi ne auna lamba a inda babu kowa. A filin atisaye, kana kallon bango, kowace kwamfuta gwana ce. Lambar gaskiya tana fitowa ne lokacin da aka jefa bam ɗin hayaƙi, mutum biyar suka afko wuri guda. Matsakaicin FPS yana ɓoye wannan. Afterburner tana nuna kashi ɗaya cikin ɗari mafi ƙasa, wato FPS ɗin lokutan da wasan ya fi tsinkewa, kuma shi ya kamata ka fi dubawa. Na'urar da ke tsaye a 140 ba ta sauka ƙasa da 110 ta fi wadda ke nuna 220 amma tana nutsewa zuwa 50 a tsakiyar faɗa. Kada kuma a ɗauko lambar tsohon wasan CS:GO a ɗora wa CS2, wanda ya maye gurbinsa a 2023 da sabon inji mai nauyi.

Akwai kuma masu FPS 200 a kan monita mai 60Hz. Monitar cikakkun hotuna 60 kawai za ta nuna a daƙiƙa. Ƙarin yana ɗan rage jinkirin linzami, amma ido ba zai ga santsin ba. A 60 kowane hoto yana ɗaukar milisakan 16.7, a 144 kuwa 6.9, a 240 kusan 4.2, wato tsallen farko ne mai babbar riba. Wasu sun sayi monita mai 144Hz amma Windows ta bar ta a 60, sai an shiga saitin allo an sauya da hannu. Ka tabbata kuma kebul ɗin yana jikin katin hoto, ba ramin sama na madabod (babban allon kwamfuta) ba.

Na ƙarshe, a daina haɗa FPS da jinkirin intanet, wanda 'yan wasa ke kira fing. Sabobin da muke shiga, wato kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa, suna Turai ko Afirka ta Kudu, saboda haka kana iya harbi ka ga harsashi bai ci ba alhali kwamfutarka lafiya lau take. Valorant da CS2 duka suna da wurin da za ka kunna lambobin biyu a kan allo. Idan hoto yana tafiya sumul amma abokan gaba suna tsalle daga wuri zuwa wuri, layinka za ka duba: ka matso da rauta kusa, ko ka ja kebul daga jikinta zuwa kwamfuta, ka kuma zaɓi sabar da ta fi nuna ƙaramar lamba.